Sashen Likitocin Fitsari a Idon Mutumin Ƙauye

Wannan sharhi ne a kan hidimar da sashen likitocin fitsari na wani babban asibitin gwamnati da ke birnin Kano yake yi wa mazan da aka gano musu sankarar furostet tun ba ta yi nisa ba. Ni tsohon malamin firamare ne da ya koma gona a wani ƙauye na ƙasar Ringim, kuma a wannan sashe aka tabbatar mini da cutar, aka sa mini ido na wani lokaci, daga baya aka yi mini tiyata. Hukuncina shi ne likitocin wurin sun san aikinsu kuma ba sa ɓoye wa majinyaci gaskiya, amma tsarin da aka ɗora aikin a kansa an yi shi ne domin wanda ke kwana a cikin birni, saboda haka mutumin karkara yana biyan kuɗin magani, sannan ya ƙara biyan wani kuɗin na nisa da na rashin bayani.

Furostet wata 'yar tsoka ce mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta zagaye hanyar da fitsari ke bi, kuma ita ce ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sankarar da ke kama ta ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 maza fiye da 18,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, fiye da 11,000 kuma suka rasu a dalilinta. Abin da ya sa masu rasuwa suka yi yawa haka shi ne akasarinmu ba ma zuwa asibiti sai ciwon ya shiga ƙashin baya ko na ƙugu. A farkonta wannan sankara ba ta da wata alama, kuma yawan tashi fitsari da dare ko raunin fitarsa, waɗanda ake tsorata da su, galibi daga kumburin furostet na tsufa suke zuwa, wanda ba sankara ba ne. Ni ma wannan kumburin ne ya kai ni asibitin garinmu, inda aka sa ni gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda yakan ƙaru a jini idan tana da matsala, aka ga adadin ya kai 7, aka rubuta mini takardar zuwa Kano.

Wurin yankar kati da neman layi shi ne farkon abin da mutum ke cin karo da shi, kuma shi ne mafi raunin sashen. Ana ganin marasa lafiya a ranar da aka keɓe, ba a ba kowa sa'ar zuwa, sai dai wanda ya riga isowa ya riga shiga. Mutumin da ya fito daga ƙauyenmu bayan sallar asuba, ya hau babur zuwa bakin titi, ya jira mota ta cika, ya sauka a tashar 'Yankaba, ya sake neman adaidaita, ba zai taɓa riga mazaunin Tarauni ko Gwale isa ba. Yakan tarar benci ya cika, kuma idan likitoci suka yi ƙaranci a ranar sai a mayar da shi wani makon. Ga dattijon da fitsari ke matsa wa, zaman yini guda a kan benci, da banɗaki mai nisa wanda ba kullum ake samun ruwa a cikinsa ba, wahala ce da ya kamata a ce sashen masu ciwon fitsari ya fi kowane sashe tunaninta. Dabarar da masu zuwa daga Gumel da Haɗeja suka koya mini ita ce kwana a Kano wurin ɗan uwa, amma ba kowa ne ke da ɗan uwa a birni ba.

Da zarar an shiga ɗakin likita, al'amari yakan sauya. Likitan da ya fara ganina bai ɗauki adadin da na zo da shi a matsayin hukunci ba. Ya tambaye ni ko ina jin zafi wajen fitsari, ko an taɓa sa mini robar fitsari, ko ina shan wani maganin kumburin furostet, domin akwai irinsa da ke rage adadin PSA da kusan rabi ya ɓoye gaskiyar lamari. Ya bayyana mini cewa yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 4 a matsayin iyakar da ake fara bincike daga gare ta, amma ciwon sanyin mafitsara, da kumburin tsufa, da saduwa da iyali a cikin kwana biyu kafin ɗibar jini, duk suna iya ɗaga adadin ba tare da akwai sankara ba. Sai da aka gwada fitsarina aka sake ɗibar jinin bayan wasu makonni kafin ya yi maganar mataki na gaba. Wannan haƙuri nasa ya ƙara mini tafiya ɗaya, amma na yaba da shi, domin ya nuna mini cewa ba neman hanyar yanka mutum ake yi ba.

Akwai gwajin da likita ke sa yatsa ta dubura domin ya taɓa furostet, kuma na san mazan da suka fasa zuwa asibiti baki ɗaya saboda jin labarinsa. A nan sashen ya cancanci yabo ba tare da ragi ba. Likitan ya sallami ɗaliban da ke ɗakin, ya ja labule, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, abu ne na ƙasa da minti ɗaya, kuma ba zan yi ba sai da izininka." Haka kuwa aka yi. Mutuncin da aka kiyaye mini a wannan lokaci shi ya sa na iya komawa ƙauye na faɗa wa sa'o'ina cewa tsoron da suke ji ya fi abin girma.

Hoton MRI, wanda na'ura ke ɗauka domin a ga cikin furostet, ya yi tsada ƙwarai, amma an yi shi a ranar da aka ce. Ɗibar tsoka daga furostet domin gwaji, wadda ake yi da allura bayan an kashe zafin wurin, ita ma ta tafi daidai: an ɗebi ƙananan tsokoki 12, an ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, an gargaɗe ni cewa zan ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, kuma idan zazzaɓi da rawar sanyi suka kama ni kada in ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne in tsaya a kemis, in nufi asibiti mafi kusa a daren. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci ga mutumin ƙauye fiye da kowa, kuma na ji daɗin yadda aka maimaita shi ga ɗana da ya raka ni. Inda aka gaza shi ne sakamakon. Ya daɗe bai fito ba, ba a ba mu lambar da za mu kira ba, kuma ba a karɓi tamu da niyyar kiranmu ba, saboda haka sai mutum ya kashe kuɗin mota ya zo da ƙafarsa kafin a ce masa bai fito ba tukuna. A zamanin da mai sayar da taki yake kiran manomi a waya idan kaya sun iso, ban ga uzurin da babban asibiti yake da shi na barin mai jiran sakamakon sankara yana zarya a kan hanya ba.

Ranar da sakamakon ya fito ita ce ranar da na ga ainihin darajar wannan sashe. Babban likitan ya zaunar da ni da ɗana, ya ce akwai sankara, bai kewaya ba, bai kuma jefa mini maganar ya tashi ba. Ya ɗauki takarda ya zana mini ma'aunin Gleason, wanda da shi ake sanin kaifin cutar, ya ce lambobi biyu ake haɗawa, a aikace jimlarsu tana farawa daga 6 zuwa 10, nawa kuma 3 da 3 ne, wato 6, mafi sanyin nau'inta, kuma hoton ya nuna ba ta fita daga cikin furostet ba. Sannan ya shimfiɗa mini hanyoyi uku: a cire furostet ɗin da tiyata, ko a yi gashi da na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara da haske, ko a sa ido a kanta da gwaji a kai a kai ba tare da an taɓa ta ba sai ta nuna alamar motsi. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna ProtecT, inda aka raba maza 1,643 zuwa waɗannan hanyoyi uku aka bi su shekara 15, sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin 97 cikin 100 ba su mutu da wannan sankara ba, ko wace hanya aka bi da su. Bai tsaya a ɓangaren mai daɗi ba. Ya ƙara da cewa cutar ta fi bazuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido, kusan 9 cikin 100, alhali a sauran rukunan biyu kusan 5 ne, kuma kusan duk mazan binciken fararen fata ne, ga shi baƙar fata ya fi saurin kamuwa, domin a Ingila ana ƙiyasta ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai kamu a rayuwarsa, fararen kuma ɗaya cikin takwas. Da na ce masa, "Likita, kai me ka gani?" sai ya ce a irin matsayina ya fi karkata ga sa ido, da sharaɗin ba zan yi wasa da ranakun gwaji ba, amma in koma gida in yi shawara, domin wannan ciwo ba ya gaggawar da za ta hana mutum tunani. Duk wannan da Hausa aka yi shi, Hausa mai kyau, ba a bar ni ina kallon bakin ɗana domin ya fassara mini ba.

Na zaɓi sa ido, kuma a nan na gane cewa wannan hanya tana da nauyin da asibiti bai lissafa ba. A ƙauye, idan aka ce an gano wa mutum sankara amma likita bai yanka ba kuma bai ba da magani ba, fassara ɗaya ake yi mata: an sallame shi ya je ya jira ajali. 'Yan dubiya suka cika zaure, kowa da sunan mai maganin da ya sani, masu tallar maganin gargajiya da lasifika ranar kasuwa kuwa ba su da ciwon da ba sa warkarwa. Da sashen yana da 'yar takarda da Hausa, ko da ajami, mai bayyana cewa sa ido shi ma tsarin jinya ne da likitoci suka amince da shi a duniya, da ta rage wa iyalina fargaba mai yawa. Babu irin wannan takarda, sai allunan bango da Turanci.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Sa ido yana nufin gwajin PSA duk bayan wata uku zuwa shida, da sake hoto da ɗibar tsoka idan lokaci ya yi, kuma likitan ya ja kunnena cewa in riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji guda, domin na'urori sun bambanta kuma adadinsu ba ya zuwa daidai da juna. Wannan yana nufin zuwa Kano kowane karo. Amma idan mutum bai zo ba, babu mai nemansa. Na san wani manomi da muke haɗuwa a benci wanda damina ta riƙe shi, girbi ya biyo baya, kuɗin mota ya gagara, bai sake bayyana ba sai da ciwon baya ya kawo shi. Sashen da ya ce wa mutum ya tafi da sankara a jikinsa bisa alkawarin za a sa mata ido, wajibi ne a kansa ya riƙe rajistar waɗannan mutane ya kira wanda ya ɓace, domin idan babu wannan kira to rabin alkawarin ne kawai aka cika.

A nawa ɓangaren, adadin ya riƙa hawa sannu a hankali, aka sake ɗibar tsoka, ma'aunin ya koma 3 da 4, wato 7, likita ya ce lokacin magani ya yi. Gashi yana buƙatar zuwa kullum daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon mako huɗu, a wani tsarin ma har kusan takwas, wani lokaci tare da allurar da ke rage sinadarin namiji, kuma wuraren da aka ambata mini su ne Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da Sakkwato. An faɗa mini cewa ta fuskar warkewa gashi da tiyata kusan ɗaya suke a matakin da nake, kuma Nelson Mandela ma gashi aka yi masa a 2001 ya rayu har 2013. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne masauki da abinci na makonni a garin da ba ni da kowa, saboda haka na zaɓi tiyata.

Ba ni da ƙorafi a kan aikin tiyatar. An nemi in kawo masu ba da jini tun kafin ranar, 'yan uwa suka zo suka bayar, aka yi aiki lafiya, kuma ƙananan likitoci suna zagayowa safe da yamma. Ma'aikatan jinya na rana sun kyautata mini, na dare kuwa sun yi ƙaranci har mai jinya ne ke zubar da jakar fitsari. Kusan kowane abu sai an rubuta an je an sayo, daga safar hannu zuwa ruwan ƙari, kuma masu jinya a baranda suke kwana.

Babban ƙorafina yana kan abin da ya biyo bayan sallama. An sallame ni da robar fitsari wadda aka cire bayan kimanin mako biyu, kuma an faɗa mini tun kafin tiyata cewa za a iya samun yoyon fitsari da raunin mazakuta, kuma haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. An faɗa, ba zan ce an ɓoye ba, amma an faɗa ne a matsayin sharaɗin sa hannu a takarda, ba a matsayin rayuwar da mutum zai koma gida ya yi ba. Motsa jikin da ke ƙarfafa tsokokin riƙe fitsari, wanda shi ne babban maganin yoyon, a tsaye aka bayyana mini shi ranar sallama cikin jimla biyu, sai daga baya wani majinyaci ya koya mini yadda ake matse tsokar kamar mai riƙe tusa, a saki, a maimaita sau da yawa a yini. Babu wanda ya yi mini maganar famfas na manya, ko inda ake samunsa a wajen birni. Ga Musulmi kuwa yoyon fitsari ya wuce maganar wanki, domin ya shafi tsarki da alwala da tsayuwa a sahu, kuma na yi makonni ina salla a ɗaki saboda kunya kafin limaminmu ya tuna mini abin da ke cikin Risala, cewa mai yoyon fitsari an so ya yi alwala ga kowace salla, sallarsa kuma ta inganta. Asibitin da kusan duk majinyatansa masu salla ne bai kamata ya bar wannan tambaya ga sa'a ba. Yoyon ya ragu sosai a cikin watanni, kamar yadda yake yi wa yawancin mutane, amma watannin farko sun fi ƙarfin a bar mutum shi kaɗai da su.

Maganar iyali ta fi wannan wuyar faɗa. Jijiyoyin da ke tayar da gaba suna manne da furostet, ko an yi ƙoƙarin kiyaye su sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su farfaɗo, wani lokaci kuma ba sa dawowa yadda suke. Akwai magungunan da likita ke rubutawa, amma sai wanda ya cire kunya ya tambaya, kuma ɗakin da ɗalibai suka cika ba wurin wannan tambaya ba ne. Ba a taɓa cewa in zo da mai ɗakina ba, alhali ita ce ta yi wankin, ita ce kuma abin ya shafa bayan ni. Ranar da ta ce mini, "Malam, da sun kira ni sun yi mini bayani, da ban zaci wani laifi na yi maka ba," na tabbata cewa wannan giɓi ne a aikin sashen. Mace ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da za ta zauna da matan majinyata a keɓe za ta iya toshe shi, musamman a gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, inda shiru ke saurin zama zargi.

Kuɗi kuwa ya ci dabbobi da wani ɓangare na hatsin shekara, kuma farashi yana sauyawa tsakanin zuwa da zuwa. Jigawa tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA, Kano tana da KSCHMA, gwamnatin tarayya kuma tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. A bakin wani majinyaci na fara jin labarin wannan asusu, bayan na riga na biya mafi yawan abin da zan biya. Duk wanda zai je ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko ya tambayi abin da ya cancanta, kada ya jira a faɗa masa.

Yanzu PSA ɗina yana ƙasa da 0.1, wanda shi ne abin da ake so bayan an cire furostet, kuma an ce za a ci gaba da gwaji na shekaru, domin hawansa zuwa 0.2 alama ce ta a sake dubawa. Ina ba duk namijin da ya kai shekara 45 shawarar ya nemi wannan gwaji, wanda kuma mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi cutar ya fara tun yana 40, domin haɗarinsa ya ninka na sauran mutane. Idan aka tura shi wannan sashe ya je, ya tafi da wanda ya iya rubutu, ya riƙe littafi guda da zai riƙa rubuta kowane sakamako da kwanan watansa, domin fayil yakan ɓata a ɗakin kati amma littafin aljihu yana tare da mai shi. Roƙona ga shugabannin sashen shi ne su riƙa tura likita ɗaya sau ɗaya a wata zuwa manyan asibitocin Ringim da Gumel da Haɗeja, a ɗebi jinin waɗanda ake sa wa ido da waɗanda aka yi wa tiyata a can, a kai shi ɗakin gwaji guda a Kano, a kira kowa a waya a faɗa masa sakamakonsa.